Ɗinkin Da Ya Ƙi Kamewa

Ina da shekara goma sha ɗaya ƙusa ta soki Baba a tafin ƙafa. 'Yar ƙarama ce, irin ta akwatin katako, kuma shi bai ma ji shigarta ba. Sai da ya dawo daga kasuwa ya tuɓe takalmi, Inna ta ga jini ya bushe a ciki. A cikin birnin Zariya muke a lokacin, ba nisa da Ƙofar Doka, a gidan ƙasa na gado. Baba rake da mazarƙwaila yake sarowa daga wajen Maƙarfi, kuma kowa ya san aljihunsa ba ya rabo da gutsuren mazarƙwaila.

Ciwon da ya kamata ya kame cikin mako guda sai ya zama gyambo. Wata ɗaya, wata biyu, wata huɗu. Aka ce ya taka abu, aka ce jifa ne daga abokan kasuwa. An sha rubutu, an yi turare, an barbaɗa garin magani iri-iri. Ni ce mai kai masa ruwan ɗumi da gishiri kowace safiya, don haka na fi kowa sanin warin nan. Wari ne mai tsayawa a maƙogwaro, ko ka fita tsakar gida yana biye da kai. Da aka gaji aka kai shi asibiti, suka ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikinsa. Aka yanke yatsu biyu, daga baya aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Bai cika shekara biyu ba bayan nan Allah ya karɓi abinsa.

Abin da na ɗauka da hankalin yarinta shi ne suga ciwon tsofaffin maza ne masu son zaƙi. Da wannan tunanin na girma, na yi kwalejin ilimi, na yi aure a Tudun Wada, na kama koyarwa a firamare.

Haihuwata ta fari mace ce, lafiya lau. Ta biyu namiji, kilo 4.2. Na sha wuya, don kafaɗarsa ta so ta maƙale, amma yana fitowa sai wuri ya kaure da murna: "Tubarkalla, ai wannan ɗan wata biyu kika haifo!" Ranar suna mata na miƙa wa juna shi suna cewa hannu ya gaji, ni kuwa har da jin kai. Ba wanda ya ce mini jaririn da ya haura kilo 4 alama ce da ya kamata a bi sawunta.

Ciki na uku shi ne wanda har yau ba na iya ba da labarinsa a tsaye. Ban fara zuwa awo ba sai da ya shiga wata bakwai, don ina ganin na zama tsohuwar hannu. Wani ƙaramin asibiti na unguwa nake zuwa, a auna jini, a tattaɓa ciki, a ba ni maganin ƙarin jini, in dawo gida. Ƙishirwa ta dame ni, ina tashi fitsari sau biyar sau shida a dare, amma wace mai ciki ce ba ta fitsari? Cikin ya yi girma har maƙwabta na tsokanata da Maman 'yan biyu. Wata Alhamis a cikin watan haihuwa na idar da la'asar, ina zaune kan darduma, sai na tuna tun safe ban ji motsi ba. Na sha ruwan sanyi, na kwanta ta gefen hagu, na dafa cikin ina salati. Shiru. Na ce wa kaina barci yake. Sai da gari ya waye na iya buɗe baki na faɗa wa maigidana.

Namiji ne, ƙato, har da sumarsa baƙa wuluk. Bai zo da rai ba. Aka naɗe shi a farin ƙyalle, maigidan da ƙannensa suka tafi da shi, ni ko fuskarsa sau ɗaya na gani. Mata suka yi ta shigowa, "Sai haƙuri, mai ceto ne, Allah ya ba da mai tsayawa." Ina amsawa da amin. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne kwana na uku, da nono ya kawo ruwa ya cika tam yana jiƙa riga, babu mai sha. Bayi na shiga, na toshe bakina da haɓar zani, na yi kukan da na kasa yi a gaban mutane.

Wajen ƙarshen 2019 na sake samun ciki. Wannan karon maigidan ya ce babban asibiti za mu, ko nawa ne kuɗin mota. Likitar da ta karɓe ni mace ce marar yawan magana, tana tambaya tana rubutu. Akwai mai suga a danginku? Mahaifina. Nauyin yaran da kika haifa? Na faɗa. Wanda ya koma fa? Na ce ba a auna ba, amma ya fi yayansa. Shekarunki? Talatin da biyar. Sai ta ajiye biro ta dube ni.

"Hajiya, an taɓa yi miki gwajin suga da ciki?"

Na ce a'a, ai ni ba mai shan zaƙi ba ce sosai. Ta yi wani ɗan murmushi wanda sai daga baya na gane ma'anarsa.

Gwajin farko, a wata na uku, ya fito ƙalau. Na yi hamdala, amma ta ce in dakata da murna, don sugan masu ciki ya fi bayyana tsakanin mako na 24 da na 28. A mako na 26 na kwana ban ci komai ba tun bayan isha'i, na yi sammako. Aka ɗebi jini, aka miƙo mini kofi an dama gulukos giram 75 a ciki, aka ce in shanye cikin minti biyar. Zaƙinsa har hawa kai yake, ya fi ruwan mazarƙwaila mai zafi. Sai zama a benci, ba ci ba yawo, a ɗebi jini bayan awa ɗaya, a sake bayan awa biyu. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013, in na kafin karin kumallo ya kai 5.1, ko na awa ɗaya ya kai 10, ko na awa biyu ya kai 8.5, ko da guda ɗaya ne a cikinsu, to mace na da sugan ciki. Wasu na'urorin da ɗaruruwa suke ƙirge, 5.1 ɗin nan shi ne 92 a wurinsu. Ni biyu daga cikin ukun suka haura. Nas ɗin da ke yi mana wa'azin safe ta ce an ƙiyasta a duniya haihuwa ɗaya cikin shida tana zuwa da matsalar hawan suga. Na kama ƙirga matan da ke kan bencinmu shida-shida, ina tunanin wace ce 'yar'uwata a ciki.

Likitar ta ce laifin ba na mazarƙwaila ba ne kaɗai. Mabiyiya, wadda muke kira uwa, tana fitar da wasu sinadarai da ke hana insulin ɗin jikin mace, wato sinadarin da ke rage suga a jini, yin aiki sosai, don suga ya daɗe a jini ya ishi jariri. Hikima ce ta Ubangiji. Yawancin mata jikinsu sai ya ƙara yawan insulin ya daidaita lamarin. Wasu kuma, irina, da gado da ƙiba da shekaru suka taru musu, jikin ba ya iya biyan bashin. Suga yana ratsa mabiyiya ya shiga jariri, insulin ɗin uwa kuwa ba ya ratsawa, sai jaririn ya dinga ƙera nasa da yawa, ya dinga tara kitse. Ashe ƙaton ɗan da ake yi mini barka a kansa, haka ya samo girmansa.

Na yi ta maza na tambaye ta game da wanda ya koma. Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "Allah ne masani, Hajiya. Amma alamomin da kika faɗa sun yi kama." A cikin Keke Napep na yi kukan wannan, daga bakin asibiti har gida, direban na ta satar kallona ta madubi.

Yaƙin gaske a tsakar gida aka yi shi. Surukata, Hajiya, a gidan take, kuma a wurinta mai ciki da ba ta ƙoshi ba an zalunci rai biyu. Na saba da koko mai suga da ƙosai da safe, tuwo malmala biyu da dare, fura tsakanin azahar da la'asar. Aka ce tuwo kada ya wuce dunƙulen hannuna, miya ta fi shi yawa. Kwaɗon zogale, wake, dafaffen ƙwai, kifi, acca in ta samu, kuma a rarraba cin kaɗan-kaɗan. Hajiya ta leƙa kwanona ta tafa hannu: "Wannan abincin kaza ne ko na mutum? Mu da muka haifi goma wa ya auna mana tuwo?" Ban iya mayar mata ba, sai dai in ce, "To, Hajiya." Ɗanta ne ya shiga ɗakinta bayan magariba, ban san me ya faɗa ba, amma na ji an ambaci wanda ya koma. Washegari ita da kanta ta aika aka samo mini zogale.

A nan bari in ɗan ratse. Mutanenmu sun ɗauka tuwon alkama halal ne ga mai suga, a ci har a miƙe ƙafa. Na gwada da na'urata ta auna suga. Malmala biyu na alkama sun kai ni inda na masara ke kai ni. Yawan ne matsalar, ba sunan hatsin ba.

Na'urar nan ta zama kishiyata. Sau huɗu a rana ina huda yatsa. An ce da asuba kada ya wuce 5.3, awa biyu bayan cin abinci kada ya wuce 6.7. Mako biyu ina fama, na safe ya ƙi sauka, sai aka ɗora ni kan allurar insulin. Ana haka korona ta shigo, a ƙarshen Maris na 2020 aka kulle jihar Kaduna. Ba makaranta, ba kasuwa sai ranakun da aka ware, tsinken gwaji ya yi tsada ya kuma yi wuyar samu, har na koma ina lissafin wace huda zan tsallake. Ga zafin Afrilu na Zariya, ga rashin wuta, insulin kuwa zafi na kashe shi. Nas ta koya mini dabara: in sa kwalbar a 'yar roba mai murfi, in tura ta cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Kullum da safe sai in durƙusa da ƙyar, ciki na tokare ni, in tono ta kamar mai tonon gyaɗa, in goge yashin da gefen zani, in ɗaga riga in soka. Ƙanwata, autarmu, da ke karatun yadda sassan jiki ke aiki a Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, rufe makarantu ya dawo da ita wurina. Ita ce mai riƙe littafin da muke rubuta lambobi.

Azumi ya kama a cikin wannan hali. Likita ta ce kada in kuskura, malamin unguwarmu ya ce Allah ya yi wa mai ciki da marar lafiya rangwame, in rama daga baya. Na san hukuncin tun ina Islamiyya, amma sanin hukunci daban, zama a ƙuryar ɗaki kana cin ƙwai a ɓoye 'yarka mai shekara tara na azumi daban.

Mako guda bayan ƙaramar salla, ciki na mako 38, aka yi mini aiki. Na ji masu cewa ragwanta ce, ban tanka ba, ni dai in ji kuka. Kuma na ji. Kilo 3.7, namiji. Bayan 'yan awoyi aka huda diddigensa, sugansa ya faɗi. Dalili kuwa, ya saba da ambaliyar suga daga jikina, yana ta zuba insulin, aka yanke cibiya kwatsam ambaliyar ta tsaya, insulin ɗin bai tsaya ba. Nas ta zo ta tatsi dakashi a cokali, wannan ruwan nono na farko mai kauri da tsofaffinmu ke cewa a zubar, tana ɗiga masa a baki. Kwana biyu ana bibiyarsa kafin ya daidaita. Mabiyiyar kuwa aka ba maigidan a baƙar leda, Hajiya ta wanke ta da hannunta, aka binne a bayan ɗakina kamar yadda aka saba.

Daga ranar da aka sallame mu na ɗauka an gama. An ce da fitar mabiyiya sugan yakan sauka, an tsayar da allura, ni kuma na saki baki. Kunun kanwa da suga kofi-kofi, lemon kwalba da 'yan barka ke kawowa, tuwo yadda rai ke so. Wata uku na horo, na ce bari in rama.

Kwana biyu bayan suna na ji gefen hagu na ɗinkin yana zafi, zanina na mannewa a wurin. Da dare na haska fitilar waya. Bakin ya buɗe kamar faɗin yatsa biyu, wani ruwa-ruwa na tsattsafowa. Sai warin ya bugi hancina. Wallahi a take na koma 'yar shekara goma sha ɗaya riƙe da kwanon ruwan gishiri a ƙofar ɗakin Baba. Shi ne, ba wani ba. Jikina ya ɗauki rawa, na mayar da zani na rufe, na kwana biyu ban gaya wa kowa ba. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Inna da ta zo zaman jego ita ta gani, ta yi salati ta ajiye ganyen darbejiyar da ke hannunta, ta ce, "Yau ba wanka, asibiti za ki."

Aka warware wani sashe na ɗinkin, aka wanke, aka cusa auduga, aka ce kullum sai an canja. Da aka gwada sugan, bai sauka yadda ake zato ba. Likitar ta tambayi abin da nake ci, na faɗa kaina a ƙasa. A kan kunun kanwa ta ce tun shekarun 1970 likitoci a nan Zariya suka yi rubutu kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego, suka danganta shi da yawan kanwa da zafin wanka da kwanciya kan gadon wuta. Inna na zaune tana ji. Tun daga ranar kunun ya koma rabin kofi, ba suga.

Mako shida ina jinyar ramin nan. A cikinsu akwai wani dare da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, jariri ya yi barci, ni na kasa. Na ce wa Auta, "Ke da kike karatun jiki, gaya mini gaskiya. Me ya sa naman wasu ke kamewa, namu ni da Baba ya ƙi?"

Ta ce, "Yaya, kin tuna yadda Baba ke kiran magina kafin damina?"

Na tuna mana. Kowace shekara sai an kwaɓa ƙasa, an bi katanga da soro da yaɓe, an shafe da makuba. Gidan da aka tsallake wa shekara biyu, ruwa ya fara cin gindinsa. Zazzau garin magina ne, mu da muke alfahari da Babban Gwani wanda ya gina masallacin Juma'a na birni a zamanin Sarki Abdulkarimu. Ba Bazazzagin da za a koya wa amfanin yaɓe.

Ta ce jijiyar jini ma haka take. A cikinta akwai wani shafe siriri, kaurin ƙwayar halitta ɗaya tak, ya shimfiɗu tun daga zuciya har ƙananan hanyoyin da ido ba ya gani. Shi ke sa jini ya wuce sumul bai daskare ba, shi ke fitar da sinadarin da ke sa jijiya ta saki ta buɗe. Kullum yana zaizayewa, kullum ana gyara. A 1997 wani likita ɗan Japan, Takayuki Asahara, da abokan aikinsa a Boston ta Amurka suka ba da rahoton cewa akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke yawo a cikin jini waɗanda ke taimakawa wajen wannan gyara da tsirar da sababbin jijiyoyi. Daga baya aka gane iri biyu ne. Akwai lebura, masu fitowa daga ɓargo, su ba sa gini, sai dai su kawo kayan aiki su yi kira. Akwai kuma ainihin maginan, 'yan kaɗan ne ƙwarai, su ne ke hayayyafa su jeru su zama sabuwar hanyar jini.

"Jan naman nan mai gurji-gurji da nas ke murna in ta gani a ƙasan ciwonki, ta ce ya fara kyau, ai sababbin jijiyoyi ne, Yaya. In ba su tsiro ba, ba abin da zai kai wa wurin iska da abinci da sojojin jini."

Suga in ya yi yawa, in ji ta, ɓarna biyu yake yi a lokaci guda. Yana haifar da wani abu kamar tsatsa da ke cin shafen, sannan yana kashe wa masu gyaran jiki. Su ragu, su yi nawar zuwa inda ake kiransu, su tsufa da wuri. An ga haka a masu ciwon suga na dindindin, an kuma ga raguwarsu a jinin mata masu sugan ciki. Ga ruwa na dukan katanga, ga magina sun yi ƙaranci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ƙwayoyin cuta ke nan. Ta ƙara da cewa ba wannan kaɗai ba ne, kitsen mara da raunin sojojin jini duk suna da hannu a nawa ciwon. Shi kuwa Baba, sugan ya riga ya kashe masa jijiyoyin ji na ƙafa, shi ya sa ƙusa ta shiga bai sani ba.

Shekara ashirin da biyar ina ɗauke da tambayar nan, ashe ba wanda ya jefi Baba. Na tuna wani abokin kasuwarsa da gidanmu ya daina gaisawa da shi har ya mutu. Na nema masa gafara a daren, na nema mana.

Da Auta ta tsaya nan, da na yi barci. Amma yarinya da ɗokin ilimi, ta ci gaba tana latsa waya. Ta ce inda aka fi samun maginan nan masu ƙarfi shi ne jinin cibiyar jariri, wasu masana a Jami'ar Indiyana suka nuna haka a 2004. A 2008 suka gwada na jariran da iyayensu mata ke da ciwon suga, suka tarar ba sa hayayyafa kamar na sauran, suna tsufa da wuri, kuma jijiyoyin da suke ginawa ba su kai na sauran yawa ba. Bayan wasu shekaru aka duba na masu sugan ciki kaɗai, irin nawa. Su nasu suna hayayyafa, amma in aka zuba su a farantin gwaji aka ce su saƙa hanyoyi, saƙar ba ta kai ta sauran ba.

Na juya na dubi yaron, cibiyarsa ko gama bushewa ba ta yi ba. Ta taga ina jin ruwa na sauka daidai inda aka binne mabiyiyarsa. Na ce, "Ke nan tun yana ciki na cuce shi?"

Sai a lokacin ta ga fuskata. Ta ajiye wayar ta kama hannuna, "Yaya, don Allah ba haka nake nufi ba." Ba ta da laifi. Ni na tambaya.

Kwana uku ina kallonsa kamar tulun da aka ce mini yana da tsaga amma ban san ta ina ba. Ranar canja auduga na tare likitar da maganar. Ta ce ƙanwata ba ta yi ƙarya ba, amma a faranti da jikin ɓeraye aka ga waɗannan abubuwa, ba wanda ya ɗauki ɗana ya ce ga abin da zai same shi. Abin da aka sani shi ne 'ya'yan da suka kwanta cikin suga sun fi sauran haɗarin ƙiba da suga da hawan jini in sun girma, kuma haɗari ba hukunci ba ne. Ta ce, "Wata ukun nan da kika yi kina huda yatsa kina tonon randa, wa kike tsammanin kika yi wa? Ki ba shi nono, in ya tasa ki bar shi ya yi guje-guje, kada ki saba masa da lemo. Ni ke nake ji wa, ba shi ba."

Ta faɗi dalili. Wani babban nazari da aka fitar a 2009 ya nuna matan da suka yi sugan ciki sun fi sauran haɗarin kamuwa da suga na dindindin fiye da ninki bakwai, haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ma yana ƙaruwa. Ta ce in dawo a sake gwajin gulukos tsakanin mako shida da sha biyu bayan haihuwa, daga nan kuma in dinga gwadawa a kai a kai ko ina jin garau.

Na je na farkon. Ya fito lafiya. Aka yi ta yi mini barka, "Suga ya tafi, Alhamdu lillahi." Ciwon ya rufe ya bar tabo mai kauri a gefe guda. To a nan ne zan faɗi abin kunyata. Ni da na ji bayanin magina da kunnena, ni da na shaƙi warin nan sau biyu a rayuwa, ban sake komawa ba har shekara uku. Makaranta ta buɗe, hidima ta yi yawa, na'urar ta shige ƙasan akwati batirinta ya mutu. Gaskiyar magana kuma, tsoro nake ji. Na fi son "ya tafi" ɗin da mutane suka ce a kan abin da na'ura za ta ce.

A 2023 wuƙa ta yanke ni a yatsa ina yanka kubewa, 'yar yanka da ba ta kai a faɗa ba. Kwana goma tana nan jajir. Ba wanda ya ce in je, da ƙafata na tafi. Suga ne, na dindindin, jinina ma ya ɗan hau. Ban yi kuka ba wannan karon, haushin kaina kawai na ji.

Yanzu ina shan maganin suga, metfomin, safe da yamma. Na daina hawa abin hawa zuwa makaranta, tafiyar rabin awa ce, ina yinta da ƙafa in ba ruwa ake ba. Kowane dare kafin in kwanta sai na haska tafin ƙafata da tsakanin yatsu, ba na kuma yawo ba takalmi ko a tsakar gida. Sau ɗaya a shekara ana duba mini ido da ƙoda, don can ma ƙananan jijiyoyin ne. Auta ta yi aure tana da ciki, kuma tun da ubanmu ɗaya, ni na raka ta shan gulukos, na zauna kusa da ita a benci da dafaffen ƙwai a jaka. A ɗakin malamai kuwa an sa mini suna Likita, don duk wadda na ga cikinta ya tasa sai na tambaye ta makonta nawa, an ba ta ruwan zaƙin nan ko ba a ba ta ba. Wasu na jin haushi. Ina sane.

Yaron ya shiga firamare, siriri ne kamar sanda, ba ya zama wuri ɗaya. Kwanan baya ya faɗo daga kan katangar maƙwabta ya ɗaye gwiwa, fata ta tafi kamar faɗin kwabo. Na wanke masa da ruwan gishiri, hannuna na rawa, shi kuwa yana ta zillo yana son komawa wasa. Ban gaya wa kowa ba, amma na shiga ƙirga kwana. Kowace safiya wajen shafa masa mai sai in saci kallon wurin. Kwana biyu ya bushe. Kwana huɗu ɓawo ya yi baƙi. A na bakwai na same shi a zaure ya ɓamɓare ɓawon da farce, ƙasan ya yi sumul, sabuwar fata jajaja.

Na ce, "Wa ya ce ka cire?"

Ya ce, "Umma, ai ya warke," ya zura takalmi ɗaya ya fice da gudu, ɗayan na hannunsa.